Farin Layin da Kawu Ya Ja a Kan Noti

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a ɗakinsa na Tudun Wada, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Kafin la'asar mun kai shi. An yi ruwa da asuba, ƙasar maƙabarta ta yi laushi, masu haƙa suka ce ba su sha wuya ba. Wani tsohon direba ya ce ai haka mutumin yake, ko a mutuwarsa bai wahalar da kowa ba.

Ni ba marubuci ba ne. A aji shida na tsaya, sauran karatuna a gareji na yi shi. Abin da ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba, don ba na so in yi wa mamaci ƙari, ko da ƙarin na alheri ne.

Kwana uku ƙofar gidan ba ta rabu da jama'a ba. Tsofaffin direbobi sun zo, waɗanda gwiwa ta hana su taka kuloci. Makanikan da suka koyi aiki a hannunsa sun zo, wasu da furfura, sun jeru a tabarma ɗaya kamar masu jiran ya leƙo ya ce wa ya bar sufana a ƙasa. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai duk wanda ya shiga gaishe ta, ta tambaye shi ko an rufe garejin, kada ruwa ya taɓa masa kaya. Inna, matarsa, kanta a sunkuye yake, amin kawai take cewa.

A rana ta biyu keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin layi, aka sauko da Baba Hedimasta. Shi ne shugaban firamaren da na yi. Kirista ne, gidansa na Hanwa, kuma abokin Kawu ne tun ba a haife ni ba. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta riƙo shi. Wuyan hannunsa na dama a karkace yake. Aka kawo masa kujera domin ba ya iya zaman ƙasa. Da ya zauna, sai ya ce da muryar nan tasa da muke tsoro muna yara:

"Fiye da shekara talatin yana taɓa mini mota. Kuskure ɗaya ya taɓa yi, shi ma tsufa ne, ba ganganci ba. Na yafe masa tun tuni."

Jama'a suka ce Allah Sarki. Wani ya ƙara da cewa gaskiya a ƙarshe-ƙarshen nan hannun tsohon ya fara rawa. Ni ina raba ruwa a lokacin. Na ajiye abin da ke hannuna na zaga bayan gida, domin kuskuren nan ba na Kawu ba ne. Nawa ne. Ranar jana'iza liman ya roƙi duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Ban ji inda aka tanadi wanda shi ne ya ɓata wa mamacin ba.

Amma bari in fara faɗin wane ne Kawu.

Garejinsa rumfar kwano ce a ƙarƙashin darbejiya, ba shi da allo, ba shi da suna. Tsofaffin motoci yake gyarawa, irin waɗanda yaran yanzu ke tsayawa su ɗauki hoto. Sababbi kuwa, masu wuta ko'ina, yakan ce a kai wa masu kwamfuta, shi da ƙarfe ya saba magana. Ba ya aiki da hula a kansa. Yana da ƙusa ɗaya a jikin bishiyar da yake rataye ta, har yau ƙusar na nan. In zai ci goro sai ya wanke hannu da yashi da garin sabulu, ya raba goron gida huɗu, ya ba duk wanda ke kusa, ko da mai mota ne da suka gama faɗa.

Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, tun ina ƙarami. Nakan kulle ƙofa in dawo sau uku in taɓa kwaɗon. Nakan yi alwala in sake, in sake, har a tayar da salla. Mutane da yawa sun yi mini dariya a kan haka. Kawu shi ma yana tsokanata, Sarkin Wasiwasi yake kirana, amma bai taɓa tafiya masallaci ya bar ni ba. Yakan tsaya a bakin rumfa ya harɗe hannu a baya har in gama. Wata rana ya karɓe butar daga hannuna a hankali ya ce buta ɗaya ta ishi alwala, ta biyu ta Shaiɗan ce. Da mahaifina ya rasu, aka ce wannan ba zai iya sana'a ba, tsoronsa ya yi yawa, Kawu ya ce a ba shi ni. Ya ce mai tsoro ba ya mance noti a kwance.

Ya iya inji, ya iya giya, amma abin da aka san shi da shi har Kwangila da Dutsen Abba shi ne sitiyari. Tsofaffin motocin nan suna da wani akwatin ƙarfe a ƙarshen sandar sitiyari, shi ne ke mayar da juyin hannunka ya zama juyin taya. In mota ta tsufa haƙoran ciki sukan ci, sai sitiyari ya yi sako-sako, kana murzawa taya ba ta ji ba, mota na yawo a titi kamar akuyar da ta tsinke. A saman akwatin akwai sukuru, da noti mai riƙe shi. In an ɗan shigar da sukurun, sako-sakon sai ya ragu.

Aikin kamar mai sauƙi. Kawu yakan yi rabin yini a kansa. Da farko ba ya taɓa akwatin ma. Sai ya ɗaga gaban mota a jak, ya sa ni in riƙa kaɗa sitiyari, shi yana kwance a ƙasa yana bin kowace gaɓa da hannu, domin a cewarsa sau da yawa akwatin ƙarya ake masa, ɓarawon na can wajen taya. In ya tabbatar akwatin ne, sai ya miƙar da tayoyi sak, ya kwance notin, ya murza sukurun kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar faɗin ƙwayar gero. Ya riƙe shi da sukundireba kada ya motsa, ya ɗaure notin. Sannan ya shiga mota, ya sa a kashe rediyo, ya rufe ido, ya murza sitiyarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana sauraron hannunsa. Ya koya mini cewa akwatin a tsakiya ya fi matsewa, a gefe kuwa dole ya ɗan saki, haka aka ƙera shi. Wanda ya ɗaure alhali tayoyi na karkace, in mota ta zo miƙewa sai sitiyari ya cije. Kuma kullum yakan bar sako-sako na faɗin yatsa biyu a bakin sitiyari. Ba ya ragewa, ko waye kai.

In ya gama, yana da wani gwangwanin madara mai farin fenti da tsinken tsintsiya a ciki. Sai ya ja siririn layi daga tsagar sukurun, ya bi ta kan notin, har jikin akwatin. Sa hannunsa ke nan.

Na taɓa ganin faɗansa a kan yatsa biyun nan. Wani Alhaji ya kawo tsohuwar motar mahaifinsa, ya ce shi so yake sitiyari ya zama tamau, ko numfashi kada ya yi, akwai wani makanike a gaba da ya ce minti biyar zai yi masa. Kawu ya sauke motar daga jak, ya miƙa masa makulli, ya ce ya tafi can ɗin, amma ya biya ta kasuwa ya sayi likkafani ya ajiye a but. Alhajin ya yi ta zage-zage. Kawu ya ɗauko goro ya miƙa masa kashi ɗaya. Ban sani ba ko ya karɓa, don na juya baya saboda kunya.

Motar Baba Hedimasta irin 'yar dunƙulen nan ce mai inji a baya, wadda ake ce wa kunkuru, mai launin ruwan ƙwai. Da ita ya kai matarsa asibiti haihuwar duk 'ya'yansu, da ita yake zuwa coci ran Lahadi, kuma bayan matar ta rasu bai yarda an sauya ko murfin kujerar da take zama ba. Asabar ɗin farko ta kowane wata yakan kawo ta, ko lafiyarta ƙalau. Su zauna a benci shi da Kawu da dafaffiyar gyaɗa a tsakaninsu, su yi ta gardama a kan wanda ya fi wani tsufa. Hedimasta na ce masa Injiniya marar takarda, shi kuma yana ce masa Malam mai bulala. In aka kira azahar, Hedimasta ne ke gadin gareji har mu dawo.

Shekara bakwai ke nan da abin ya faru, da damina. Ranar Asabar ce, wannan na tabbatar. Kawu ya gyara sitiyarin kunkurun da safe, ya zaga da ita, ya ja farin layinsa. Hedimasta ya shiga kasuwa sayen wani abu. Sai aka aiko an yi rasuwa a layinmu, Kawu ya ɗauki hularsa ya ce in mai mota ya dawo in ba shi makulli.

Na zauna ina kallon motar. Na tashi na taɓa sitiyarin, na ji yana lilo. Na koma na zauna. Na tuna Hedimasta ya tsufa, na tuna manyan motocin da ke kwararowa ta Kwangila. Zuciyata ta ce, in fa Kawu ya manta bai ɗaure sosai ba, hankalinsa na wajen rasuwa? Na sake taɓawa, na ji lilon ya fi yatsa biyu, ya kai huɗu. Ban lura ba cewa Kawu ya ajiye motar tayoyinta a karkace, saboda tushen bishiya. Abin da aka koya mini shekara da shekaru, a ranar ya fita daga kaina. Na buɗe but ɗin gaba, na cire ɗan murfin da ke rufe akwatin sitiyari, na kwance notin, na murza sukurun rabin zagaye, na ɗaure. Na taɓa sitiyari na ji tsam. Wallahi har daɗi na ji, na ce na tsare ran dattijo. Ban zaga da motar ba. Hedimasta ya dawo, na ba shi makulli da hannu biyu.

A Kwangila ya sha kwana, sitiyarin bai dawo ba. Ƙarfin tsoho bai kai ya fizgo shi ba. Motar ta hau gefen titi ta faɗa kwalbati. Allah Ya tsare ba ta taka kowa ba, amma wuyan hannunsa ya karye, bai kuma ɗoru daidai ba.

Tare muka je wurin da Kawu. An riga an tafi da Hedimasta asibiti. Kawu ya sa aka turo motar waje, ya buɗe but, ya cire murfin, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Ina tsaye a bayansa, sai a lokacin na tuna da farin layin. Ya mayar da murfin bai taɓa komai ba. Bai dube ni ba. Ya ce mu tafi asibiti.

Washegari 'yar Hedimasta ta zo gareji. Ba na ganin laifinta, mahaifinta ne. A gaban makanikai da masu motoci ta ce in mutum ya tsufa ya san ya tsufa, ya koma gida ya riƙe carbi, kada ya kashe mata uba. Ta ce mahaifinta ya ji sitiyarin ya yi nauyi tun daga bakin gareji, amma ya ce tunda hannun abokinsa ne, babu komai. Ina ƙarƙashin wata mota ina ji. Na ce yanzu zai kira ni.

Kawu ya ce, "Ni na ɗaure shi, 'yata. A yi haƙuri."

Ta sa aka ja motar zuwa Hanwa, ta ɓoye makullin. Hedimasta bai ƙara tuƙi ba. Ya zo gareji sau biyu a keke bayan ya warke, amma zaman bai yi daɗi ba. Shi yana ƙoƙarin nuna ba komai, Kawu kuma ya kasa haɗa ido da hannun nan. Babu motar da za a fake da ita. A hankali Asabar ɗin ta mutu, sai gaisuwar salla da ta Kirsimeti ta bakin mutane. Magana kuma ta zaga gari cewa hannun tsoho ya fara rawa. Masu tsofaffin motoci suka riƙa zuwa suna cewa, a gabansa, a bar ni ni in yi musu sitiyari. Ni. Kawu sai ya ce to, ya miƙo mini gwangwanin fenti, ya koma benci.

Shekara bakwai muna cin abinci a kwano ɗaya. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Kullum nakan ce gobe zan faɗa. Na shirya maganar a bakina ya fi a ƙirga. In na zo gabansa sai zuciyata ta ce, in fa bai lura da layin ba? In fa faɗar ce za ta ɓata abin da ke zaune lafiya? Da ya kwanta ciwo ni ke juya shi, ni ke kai shi bayan gida. Ana jibi zai rasu ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna ya ce, "Sarkin Wasiwasi, akwai magana ne?"

Na ce, "Babu, Kawu. Sannu."

Ya ce to. Ya saki hannuna.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida na zauna a bakin ƙofar ɗakin da Inna ke takaba. Mahaifiyata na ciki. Na faɗa musu komai, kaina a ƙasa. Mahaifiyata ta ce, a hankali, wato ɗan'uwanta ya shiga kabari da kayana a kansa. Sai ta juya mini baya.

Inna kuwa ba ta yi mamaki ba. Ta ce ranar da abin ya faru bai ci tuwo ba, ya gaya mata layinsa ya goce, kuma ya san hannun da ya gusar da shi. Ta ce masa ya faɗi gaskiya mana. Ya ce in ya faɗa a gaban mutane, yaron nan ba zai ƙara riƙe sufana ba har abada, ga shi da iyali. Shi kuwa ya riga ya ci sunansa, saura kaɗan ne. Na tambaye ta, da kyar, ko ya yafe mini.

Ta ce, "Tun a Kwangila. Amma ya jira ka. Ya ce yafiya tasa ce, ya bayar, hutun kuwa sai ka zo da ƙafarka za ka same shi. Duk sanda ka shigo gaishe shi ka fita, sai ya ce mini, yau ma bai faɗa ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a bakin ƙofar nan ba. Da na tashi, mahaifiyata ta ce, ba tare da ta juyo ba, akwai wanda yake raye, kuma ba a san gawar fari ba.

Ranar Asabar na tafi Hanwa. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu ina komawa. A na uku na yi sallama. Hedimasta na zaune a baranda, 'yarsa na auna masa jini. Na durƙusa kamar ina aji uku, na faɗa. 'Yar ta ajiye abin awon, ta shiga ɗaki, na jiyo kukanta. Shi kuwa sai ya ɗaga karkataccen hannun ya dube shi.

"Wannan ba komai ba ne, da hagu ma ina cin abinci. Amma kai da lissafi ba ka da laifi a makaranta. Asabar nawa ke cikin shekara bakwai, in ana ɗaukar ɗaya a wata?"

Ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai, ya je gaban jama'a ya yafe wa mutumin da bai yi masa komai ba, har yana jin kansa mai kirki.

'Yar ta fito da makulli a hannunta, idonta jawur. Motar na bayan gida a ƙarƙashin tamfol, tayoyinta sun kwanta, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta. Hedimasta ya sa aka kawo masa kujera kusa. Ya ce in buɗe ya gani da idonsa. Na cire murfin, na goge ƙura da bakin rigata. Fentin ya koma ruwan ƙasa amma yana nan. Layin da ke jikin akwatin na kallon gabas, ɗigon da ke kan sukurun na kallon yamma.

Na zo da jak da sufana, ban san dalilin da ya sa na zo da su ba. Na ɗaga gaban motar, na miƙar da tayoyi. Notin ya yi tsatsa, sai da na jiƙa shi da mai na jira. Na mayar da sukurun baya a hankali har ɗigon ya hau kan layin Kawu, na riƙe, na ɗaure. Na shiga na murza daga ƙarshe zuwa ƙarshe, babu inda ya cije. Na dawo tsakiya na aza yatsuna a bakin sitiyari. Biyu ne cif. Ashe tun ranar daidai yake.

Hannuna ya so ya koma ya sake taɓa notin. Na sa shi a aljihu.

Motar ba ta tashi ba, kuma ban sani ba ko za ta ƙara tashi. Hedimasta bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba tukuna. Ya ce dai in dawo Asabar ta farkon wata in duba injin, in taho da gyaɗa. 'Yarsa ta raka ni ƙofa ta ce maganar da ta faɗa a gaban mutane ta faɗe ta, don haka gyaranta ma a gaban mutane ya kamata a yi shi. Shi ya sa na rubuta wannan, kuma na roƙi a karanta wa waɗanda ba sa karatu, musamman a gareji.

Duk wanda ya taɓa ji, ko ya taɓa faɗa, cewa hannun Kawu ya yi rawa, to ya janye. Hannunsa bai yi rawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya Allah, bawanKa ya rufa wa wani asiri shekara bakwai, da sunansa ya biya. Ka rufa masa nasa ranar da babu rumfa sai taKa. Ka yalwata masa kabari, Ka ba Inna da mahaifiyata haƙuri. Ni kuma, duk wanda ya karanta, ya sa ni a addu'a. Hular Kawu na gida, amma ƙusar na jikin darbejiya, kuma kowace safiya in na buɗe gareji sai na ce wa ƙusar, akwai magana, Kawu.